Mai Gona Ake Tambaya

Ta kira bayan isha'i,
can wurinsu rana ba ta ko karkata ba.
Na hau tudun bayan gida, inda sabis ke tsayawa,
ƙafa ɗaya bisa buhun taki.

"Baba, saura kwana arba'in da ɗaya."
Na ce, na me, Luba?
Ta ce na izinin aiki,
wanda suka ba ta da ta ƙare karatu,
shekara guda, kamar aron garma.

Na ce to a sabunta mana.
Ta yi irin dariyar uwarta
in na ce gishiri bai yi tsada ba.
"Ana ƙarawa, Baba,
ga wanda ya karanci irin nawa,
ruwa da yadda ake bi da shi gona.
Ni na cika sharaɗi.
Mai kamfanin ne bai cika ba."

Na ce ta sake faɗi,
ko iska ce ta ci rabin maganar.

Sunansa ba ya cikin rajistar hukuma.
Sai ya shiga, ya cike fom mai shafi-shafi,
ya rubuta abin da zai koya mata,
ya yarda a zo duba shi ba sallama,
ya sa hannu cewa bai ture ɗan ƙasa don ita ba,
kuma albashinta bai gaza na tsaranta ba.
Ma'aikatansa shida ne duka.
Ya ce yana son aikinta, ya ce zai duba.
Wata uku ke nan yana dubawa.

Kati ya ƙare. Na sauko.

Ni Sahabi, a Dole-Kaina aka yanke mini cibiya,
inda iyaka ta ratsa gari
akuya ba ta san da ita ba.
Hamani na ƙetaro mini duk lokacin dashe,
bana shekara tara.
Ban taɓa ce masa ina takarda ba.
Bayansa na duba, ko yana sunkuyawa,
na dubi layin shinkafarsa, ko ya miƙe.
Har na fara zagin ƙasar mutane a zuci:
yarinya ta iya, ku bar ta ta yi.

Sai barci ya ƙi.
Sauro na ta kai ƙara bakin gidan sauro,
ni ina juya fom ɗin da ban taɓa gani ba.

Da ni za a tambaya fa?

Me ka koya masa a shekara tara?
Shi ya nuna mini yadda ake toshe kunya
ruwa bai zurare ba.
Nawa ka biya shi bara?
Mun yi a kan buhu biyar.
Kogi ya hau, na auna masa uku,
na ce ai ka ga abin da ruwa ya yi mana.
Na biya 'ya'yan ƙanena cif,
don su uwarsu na da baki.
Hamani ya ɗaure ukun a kwalekwale,
ya ce Allah shi kai mu baɗi.
Ba wanda ya zo duba ni.

Da asuba na buɗe rumbu.
Buhu biyu ba su da nauyin nan bara.
Na tarar da shi bakin fadama yana wasa lauje,
ya dubi amalanke, ya dube ni,
ya ce, "Lafiya, mai gona?"
Na ce tsohon lissafi ne.
Bai yi godiya ba. Ya taɓa buhun, ya ci gaba da wasawa.

Injin ban-ruwa ya sake tari ya mutu.
Na durƙusa kansa da sifana, ina tunanin
akwai wadda ta san ciwonsa tun daga sauti,
tana can tana jiran wani mutum
ya ɗauki biro.

Yau saura arba'in.
Ban gaya wa uwarta ba tukuna.